Dashen Maman Chidi

Duk yaron da aka turo mini gidan famfo, tambayarsa ta farko ita ce ina maɓallin kunnawa. In na nuna masa sai ya saki fuska, a ransa ya gama koyon aiki, saura ƙarshen wata. Ni kuwa sai in ce ya tuɓe takalmin nan nasa mai sheƙi ya biyo ni bakin kogi. Ku ma da kuke ganin aikin ruwa zama ne a inuwa ana sauraron ƙugin inji, ku gyara zama. Zan ba ku labarin ƙarfe da laka, sannan in ba ku labarin yadda alherin da muka ɗauka da hannunmu ya tashi raba wata gwauruwa da gonar da take ciyar da 'ya'yanta. Wannan na biyun har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A watan Agusta, idan ruwa ya kwana yana zuba a kan duwatsu, kogin da muke ja a bayan Kafanchan yakan sauko ja wur, ɗauke da kara da reshe da duk tarkacen da ya tsinta a hanya. Can ƙasa, a bakin bututun da ke tsotso ruwa, akwai rariyar ƙarfe. In ta toshe famfo zai fara tari, allurar geji ta kama rawa. Sai ka kashe inji, ka ɗaura igiya a ƙugu, abokin aiki ya riƙe ɗaya bakin, ka nutse kana lalube, domin ido ba shi da amfani a cikin wannan kunun. Ka ciro ciyawa, ka fito ka shaƙi iska, ka koma. Na taɓa ciro mataccen ɗan akuya, na taɓa ciro wandon wani bawan Allah da ban san yadda ya koma gida ba. In ka gama kuma ba a kunna famfo haka kawai. Sai ka ɗura masa ruwa ya cika, iskar ciki ta fita, in ba haka ba zai yi ta juyi a banza har ya ɗau zafi.

Wanda ya koya mini aiki Oga Silas ne, mutumin Kwoi, gajere mai faɗa. Ni ɗan kwatas ɗin reluwe ne, a can aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba, kuma ranar da na fara zuwa ban san sifana daga filaya ba. Watannin farko goge giris da wankin tanki kawai ya bar ni ina yi. Daga baya ya miƙo mini doguwar sukundireba, ya ce in ɗora bakinta a kan gidan boris, ƙwallayen ƙarfen da sandar famfo ke juyawa a kansu, in manna ƙotar a kunnena. Lafiyayyen boris yana da sauti mai santsi. Wanda ya fara ciwo kuwa sai ka ji kamar ana tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Ya kuma koya mini ɗaurin fakin, igiyar nan mai maiƙo da ake naɗawa inda sandar famfo ke juyawa. Sabon shiga in ya ga ruwa yana ɗiga a wurin sai ya ɗauko sifana ya tamke, yana jiran yabo. Oga Silas zai bar ka ka gama, sannan ya ɗora tafin hannunka a kan ƙarfen da ya fara zafi.

"Ɗigon nan ne yana sanyaya shi," in ji shi. "Ka hana shi kuka, za ka saya sabon sanda da kuɗin ubanka."

Masu shan ruwanmu kuwa ba su san wani ofis ba, mu suka sani. Ranar da famfon unguwa ya ƙafe, nan za ka ga mata da bahuna sun yi layi a ƙofar gidan famfo, da mai gidan burodi, da masu dafa burkutu, kowa yana tambaya ko mun sha ruwan ne mu kaɗai. In ruwa ya zo fes babu mai tuna ka. In ya zo da launi, har a coci da masallaci sai an nuna ka da baki.

Mummunar shekararmu ta zo wajen ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da komai ya yi tsada, bayan Oga Silas ya yi ritaya ya bar mini makullai. Albashi ya daina kai mutane ko'ina, sai kowa ya gangara bakin kogi noman rani. Aka sare kurmin da ke riƙe da gaɓa, aka yi kunya har leɓen ruwa. Da damina ta sauka, ƙasar nan duka ta biyo ruwa ta zo wurinmu. Yashi ya cinye farfelar cikin famfo har ta koma kamar tsohuwar wuƙa. Tankin da laka ke kwanciya a ciki, wanda a da muke kwashewa jefi-jefi, ya koma sai mun shiga da shebur kusan kowane mako. Alam ɗin da ke kwantar da laka kuwa hedikwata ta koma aiko shi kamar magani. Gari ya sha ruwa mai kalar shayi, yara suka yi ta gudawa, mu kuma muka daina bin ta kasuwa da rigar aiki.

A cikin wannan hali aka turo mana sabon injiniya, haifaffen cikin garin Kaduna, saurayi mai kirki da son aiki. Ba zan yarda a zage shi a gabana ba. Ya bi gaɓar kogi da ƙafa, ya dawo wandonsa duk laka, ya ce ko tirela guda ta alam aka kawo ba za ta yi maganin abin ba, sai an mayar da itatuwa a gaɓa su riƙe ƙasa. Ya kuma ce ba zai yi irin na da ba, a zo da 'yan sanda a kori mutane. Da mutanen wurin za a yi, su za su dasa, su za su kula. Aka kafa kwamiti: dagaci, fasto, liman, hedimasta, shugabar zumuntar mata, da dattawan gidajen da suka gaji ƙasar bakin kogin. Babbansu shi ne Baba Kazah, tsoho dogo mai sanyin magana, wanda rabin gaɓar na gidansu ne. A ajin firamare ake zama, manya sun takure a bencin yara, ni ina raba lemun kwalba. Injiniya ya kawo shawarar a dasa itacen malaina, hedimasta ya ce a haɗa da abin da za a ci, kashu da mangwaro da gwaiba, don mutane su ji daɗin kula da su. Aka tafa. Na tuna dattawan ba su ce komai ba, amma na ɗauka shirun manya ne.

Ni na raba dashen. Motar ma'aikata ta sauke su cikin baƙaƙen ledoji a gindin gidan famfo, masu noman gaɓa suka zo ɗaya bayan ɗaya. Babu ko ɗayansu a cikin kwamiti, kuma babu wanda ya lura da haka a cikinmu. Da hannu biyu suke karɓa, har da rusunawa. Wani Bulus, mai noman tumatir da ya zo daga wajen Filato, sai da ya sa mini albarka har na ji kunya. Na bi su na nuna yadda ake yi: a haƙa rami, a yage leda a hankali kada ƙasar jikin saiwa ta watse, a danne, a ba da ruwa. Kafin mako ya zagayo gaɓa ta yi layi-layi da 'yan korayen tsirrai, injiniya yana ta murna.

Kafin kaka duk sun bushe. Muka tambaya, aka ce gara ce. Shekara ta zagayo muka sake kawowa, har da maganin gara, aka sake karɓa da hannu biyu, suka sake bushewa, aka ce awaki ne. Wata safiya na je duba rariya, na ga wani busasshen kashu a gonar Bulus, na sa hannu na ja shi don in ga irin cin da gara ta yi masa. Ya taso ba nauyi. Babu saiwa ko ɗaya, an yanke ta ƙat da wuƙa, yanka mai tsabta, aka soke sandan a ƙasa aka danne. Na ja na gaba, haka. Na tsallaka gonar maƙwabcinsa, haka. Na yi ta bin gaɓa ina tumɓukewa kamar wanda ya zautu, ko'ina abu ɗaya. Mutanen da suka rusuna suka gode mini, su ne suka zauna suka yanke saiwar kowane tsiro kafin su dasa, har suna ba shi ruwa a gabana. Na tsaya da tarin sanduna a hannu, bakina ya kasa rufuwa. Da na kai wa injiniya ya jujjuya su, ya zauna a kan durom ɗin giris. Muka kira abin butulci, domin ba mu da wani sunan da za mu ba shi.

Gona ɗaya ce tak dashenta ya rayu, ta Maman Chidi. 'Yar ƙabilar Ibo ce, mijinta mai gyaran inji ne a reluwe, ya rasu ya bar ta da yara. Wannan 'yar gonar ta gaɓa ita ce komai nata. Ganyen ugu da alayyafo da kuɓewa take nomawa, ta kai kasuwa a ka, da shi ake ci, da shi Chidi yake kwaleji. Tun ina yaro nake ganinta a wurin, ban taɓa tunanin gonar ba tata ba ce. Ta kewaye kowane tsiro da ƙaya saboda awaki, da rani tana ɗebo ruwa da bokiti ta ba su kafin ta ba ganyenta. A shekara ta uku kashunta sun fi ni tsawo, sun fara fure, kuma gaɓarta ce kaɗai ba ta zube ba.

Injiniya ya ce a karrama ta a bainar jama'a, sauran su ji kunya. Ni ma na ce haka ya dace. Muka ɓoye mata don abin ya zo mata da daɗi. Aka kafa rumfa a bakin gonarta, aka zo da 'yan kwamiti duka, da 'yan makaranta, da mai hoto daga cikin gari, aka kira duk masu noman gaɓa. Aka gunguro sabon baro mai jan fenti da za a ba ta kyauta. Injiniya ya kira ta, ta fito tana goge hannu a zani, tana waige-waige. Ya ce Baba Kazah da dagaci su tsaya a gefenta. Sannan ya ɗaga murya yana nuna itatuwan.

"Jama'a ku shaida! Waɗannan itatuwa na Maman Chidi ne. Ita ta dasa, ita ta raya. Ita za ta ci, 'ya'yanta su ci, jikokinta su zo su tarar a wannan wuri!"

Mai hoto ya ɗauka. Mu ma'aikata da 'yan makaranta muka kama tafi, sai muka ji tafin namu shi kaɗai ne yake tashi. Manoma sun sunkuyar da kai. Bulus ya ɗora hannu biyu a ka. Baba Kazah yana kallon ƙasa, babban ɗansa Ishaya kuwa ya miƙe daga kujera ya kama hanya ba sallama. Maman Chidi ba ta ko taɓa baron ba. Ta dubi injiniya, ta ce, "Oga, me na yi maka?"

Na jawo Bulus bayan rumfa na ce ya gaya mini abin da ke faruwa, ko in haukace.

"Oga Danladi, da gaske kai ba ka sani ba?" in ji shi. "Duk mu nan aro ne. Gona ba namu ba. Mai aro yana shuka abin da zai cire a shekara, masara, citta, ganye. Itace na mai ƙasa ne. Ranar da ka dasa itace ya kama, ka ce ƙasa naka ne ke nan. Ko gaban sarki aka je, itace za a tambaya, wa ya dasa."

"To don me ba ku faɗa ba tun farko?"

"Mu faɗa wa wa? Masu ƙasa suna zaune a komiti, suna ji. Gwamnati kuma ya ba ka abu, za ka ce ba ka so? Mun karɓa, mun gode, mun yanke saiwa. Ku kun ji daɗi, masu ƙasa sun ji daɗi, kowa ya kwana lafiya."

Shekara da shekaru muna zama da mutane a aji guda, ana addu'ar buɗewa da ta rufewa, ashe kowa a ɗakin ya san dashen nan ba zai rayu ba, ban da mu da muka kawo shi.

Maman Chidi ta san dokar sarai, a garinsu ma haka take. Daga baya ta gaya mini cewa kowace damina kogi yana gutsurar mata kunya ɗaya ko biyu, tana gani gonar tana ƙanƙancewa. Da dashen ya zo sai ta kama kaza ta je wurin Baba Kazah, wanda abokin mijinta ne, shi ya ara masa filin tun kafin a haifi Chidi. Tsohon ya ce ta dasa, shi da ita sun san mai gona, ba sai kowa ya ji ba. A kan wannan maganar ta mutum biyu itatuwan suka girma, 'ya'yan gidan suna gani suna kawar da kai saboda tsohonsu. Mu muka zo muka kwashe ta muka zuba a gaban dagaci.

Injiniya bai yi girman kai ba. Washegari ya ɗauke ni muka je gidan Baba Kazah, ya cire hula, ya ce kuskuren baki ne, a sake tara mutane ya faɗa cewa itatuwan na gidan ne. Ishaya ne ya amsa, malamin makaranta ne, bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, ba mu ƙi matar nan ba, tare muka girma da yaranta. Amma ka faɗa a gaban dagaci da fasto da liman, Baba yana tsaye, an ɗauki hoto. Baba zai tafi, ni zan tafi, kai za a yi maka canjin wurin aiki. Jikanta zai zo da hoto, ga itace a tsaye, kowa ya san hannun da ya dasa. Me jikana zai ce?"

Dangin gidan sun riga sun zauna sun yanke magana. Ko dai ta tumɓuke su da hannunta, har saiwa, a gaban waɗanda suka ji maganar, ko ta bar gonar kafin ruwan fari. Sara ba zai wadatar ba, domin kututture yana tohowa. Injiniya ya juya wajen tsohon yana roƙo. Baba Kazah ya ce, "Ɗana, ƙasa ba nawa ni kaɗai ba."

Ranar Asabar da safe ina canza fakin, na ji sallama. Maman Chidi ce a ƙofar gidan famfo, ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali. Ta ce in ara mata diga, fartanyarta ba za ta iya da saiwar kashu ba. Na ɗauko diga biyu na kulle ƙofa na bi ta, da rigar ma'aikata a jikina.

Mutane sun riga sun taru. Dagaci ya turo wakili, fasto ya zo, manoma sun tsaya a kan iyakokinsu, Baba Kazah yana zaune a kan dutse da sandarsa. Wanda bai taɓa tumɓuke itace mai rai ba bai san aiki ba ne. Saiwar da muka yi ta addu'a ta kama ƙasa, ta kama ta da gaske, ta bazu ta ko'ina ta ƙanƙame gaɓar. Sai ka haƙa kewaye har gwiwa, ka datse na gefe, ka kai ga uwar saiwar da ta nutse. Ni nake haƙa, amma ja na ƙarshe dole ita za ta yi. Takan rungumi itacen ta jijjiga, furen yana zubo mata a ka, ƙudan zuma suna tashi, har ya kwanta. Ba ta yi kuka ba. In ɗaya ya faɗi sai ta share gumi ta nuna mini na gaba. Da rana ta take tafin hannunta ya fashe, Bulus ya matso zai karɓa, ta girgiza kai. Ni da aka ɗauka aiki don in kare kogin nan, ga ni ina buɗe masa gaɓa da digar ma'aikata, kuma ban ga wani abin da ya fi wannan dacewa in yi ba.

Da na ƙarshe ya kwanta, ta wanke hannu a kogi, ta je gaban Baba Kazah ta durƙusa.

"Baba, na cire. Ina roƙon aron gona."

Tsohon ya dubi ramukan. Ya ce, "Ki yi noma, matar abokina. Ki yi haƙuri."

"Na gode, Baba. Ubangiji ya ƙara kwana."

Godiyar nan ta fi komai girgiza ni. Na juya baya na kama tattara diga.

Da yamma ta turo jan baron har ƙofar gidan famfo, fentinsa ko ƙwarzane babu, ta jingine shi a bango. Na ce nata ne, ai ta ci shi da guminta. Ta ce a'a, a mayar wa injiniya, a ce ta gode, ta san zuciyarsa fari ne. Har ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta rage murya.

"Oga Danladi, kai ɗana ne. Gobe in sun kawo wani taimako daga Kaduna, don Allah ka rufa mani asiri. Kada ka nuna masu gona na."